LABULE DA ASABARI: YADDA ZA MU RATAYA SU BA MU ƁATA TAGA BA

Idan hatsi ya shiga rumbu, sai hankali ya koma ga gyaran gida. Wani na yaɓe, wani na tada katanga, wani na shirin ɗakin amarya. Saboda haka a wannan wata za mu yi magana bisa wani ƙaramin abu mai jawo babbar asara. Abin nan shi ne ƙusar da muke bugawa a katakon taga ko na ƙofa don mu rataya labule ko asabari. Ku karanta a hankali. Wanda ya gama ya karanta wa maƙwabcinsa.

ABIN DA YA SAME NI

Zan fara da laifina, don kada wani ya ce ina yi masa dariya.

Wata shekara da rani ina koyar da ajin mata a makarantar yaƙi da jahilci ta wani ƙauye. Ɗakin shigifa ce ta laka, mutanen gari suka gina da hannunsu. Tana da taga guda wajen gabas. Da hantsi rana na shigowa ta tagar, ta haske allo, baƙaƙe su ɓace. Ga kuma samari masu wucewa suna leƙe. Mace ta tashi za ta yi karatu, sai ta ga ido a taga, ta koma ta zauna. Cikin sati biyu mata huɗu suka daina zuwa.

Wata dattijuwa cikinsu ta ce mini: «Mushe, in kana son aji ya cika, a rufe tagar nan.» Ta kawo tsohon zanenta. Ni kuma na ari guduma, na samo manyan ƙusoshi huɗu, na buga su a katakon taga. Da na buga ta uku na ji katako ya yi ƙara. Na ga ƴar tsaga, na ga laka ta ɗan zubo daga bisa. Na ce ba komai. Labule ya hau, mata suka dawo, har ana yaba mini.

Damina ta faɗi, aka rufe aji, kowa ya tafi gona. Kun san hadarinmu daga gabas yake tasowa. Ruwa ya dinga bugun tagar, yana bin tsagar nan yana shiga gini. Gara ta samu laima, ta samu hanya. Da kaka muka buɗe ɗakin, sai muka tarar taga ta sunkuya ciki, laka ta zube ƙarƙashinta. Akwatin littattafanmu da ke gindin tagar ya jiƙe, takardu sun manne da juna.

Aka kira tsohon maginin da ya yi ɗakin. Ya duba, ya sa yatsa cikin tsagar, ya juyo gare ni.

Ya ce: «Ɗana, wa ya buga waɗannan?»

Na ce: «Ni ne, Baba. Labule na rataya.»

Ya ce: «Garin neman gira ka rasa ido. Da ka tambaye ni, da turaku biyu sun ishe ka. Katakon nan an sa shi ne ya riƙe ƙyauren taga. Ba a ɗora masa wani kaya.»

Sai da gari ya yi karo-karo kafin a sayi sabon katako. Karatu ya makara da wata guda. Tun daga ranar nake tambayar magina da kafintoci da maƙera dabarunsu. Abin da na tara shi ne na kawo muku.

ME ƘUSA KE YI WA TAGA?

Ɓarnar ƙusa iri huɗu ce.

1. Tana tsaga katako. Icce yana da jijiyoyi da suka bi tsawonsa. Ƙusa na shiga tsakaninsu ta buɗa su, kamar yadda gatari ke faskare. In ƙusar babba ce, ko kuwa an buga ta kusa da bakin katako, tsaga ta tabbata.

2. Bugun guduma na raba katako da gini. Laka na riƙe da katako ne don ta bushe a jikinsa. Kowane bugu yana girgiza shi. Da ya saki, ba ya sake kamawa sai an yi sabon yaɓe.

3. Ƙusa na tsatsa. Idan laima ta taɓa ta, iccen da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya ruɓe. Rami ya yi faɗi, ƙusa ta yi lako-lako. Sai mai gida ya cire ta ya buga a wani wuri. Bayan shekara uku katako ya zama rariya.

4. Iska na jan labule, labule na jan ƙusa, ƙusa na jan katako. Asabarin da ya sha ruwa ya fi busasshe nauyi nesa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan masu shiga su ne ruwa da gara da kunama.

ICCE YA YI TSADA

Dattawa sun san lokacin da mutum zai shiga daji ya saro abin da yake so. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa a ƙasarmu, jama'a kuma ta ƙaru. Azara mai kyau daga giginya take, kuma babban dajin giginyarmu yana Dallol Mauri, wajen Gaya. Giginya ba ta saurin girma. Sau da yawa wanda ya shuka ta, ɗansa ne ke cin azararta. Dokar gandun daji ta 2004 ta hana saran itatuwan da aka kare sai da izini. Katakon da kafinta ke yin taga da shi kuwa, mafi yawansa daga ƙasashen kudu ake kawo shi cikin manyan motoci. Kafin ya iso Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, kuɗin mota ya hau kansa.

To, wanda ya samu taga mai kyau ya riƙe ta da kyau. Doka guda ce za mu riƙe: nauyin labule ya hau gini, ko azara, ko ƙarfe. Kada ya hau ƙusa a katako.

Makiyaya sun riga mu sanin wannan. Ku dubi bukkar Bafillace ko tantin Buzu. Komai ɗaure yake da igiya. Ranar tashi a kwance, a ɗora wa jaki ko raƙumi, sanda ko ɗaya ba ta tsage ba. Haka kakanninmu ke yi da tufaniya a bakin ɗakin kara. Dabarun da ke tafe duk ƴaƴan wannan hikima ne.

DABARA TA 1: TURAKU CIKIN GINI

Wannan ita ce ta fi dacewa da ɗakin laka.

Kayan aiki: turaku biyu, sanda guda miƙaƙƙiya, laka kwaɓaɓɓiya da ƴar ciyawa a ciki.

A samo busasshen icce mai tauri, kamar aduwa ko dogon yaro. Reshen da aka sassabe a gona ya isa, ba sai an kada icce ba. Kowane turke ya yi tsawon santimetir 30, kauri kamar babban yatsan ƙafa. In bakinsa na da gwafa, ya fi. In babu, a sassaƙa masa ɗan gurbi inda sanda za ta zauna. A ɓare ɓawon. Gefen da zai shiga gini a ɗan babbaka shi a wuta, don yana rage saurin ruɓa. Guntun ƙarfen gini da maƙeri ya lanƙwasa bakinsa shi ma yana yi, gara kuma ba ta cin sa.

Wurin sawa: a bar taƙi guda, wato wajen santimetir 20, daga gefen katako, dama da hagu. A ɗaga sama da taga kamar santimetir 15.

Idan ana cikin gini ne, aiki ya yi sauƙi. A gaya wa magini ya kwantar da turakun tsakanin tubali tun laka na ɗanya. Santimetir 20 a ciki, 10 a waje, bakin na ɗan kallon sama don kada sanda ta zame.

Idan ginin tsoho ne, kada a buga turke da guduma. A jiƙa wurin da ruwa kaɗan kaɗan. A sa ƙarfe mai tsini ana murzawa da hannu har rami ya yi zurfi. A cusa laka, a tura turke, a shafe kewayensa. A bar shi kwana uku ya bushe kafin a ɗora masa komai. Wanda ya yi gaggawa zai sake aiki.

Sanda kuwa, gora ta fi, don ba ta da nauyi. Tiyon roba ko na ƙarfe shi ma yana yi. A naɗe bakin zane a ɗinke, a zura sanda ciki, a ɗora bisa turaku. Ranar wanki a ɗaga sanda a zare labule. Ba a taɓa katako ba.

Akwai ɗakunan da ake ginawa ba icce, masu rufin tubali mai kama da ƙwarya a kife. An fara irin wannan gini a ƙasarmu a Cikal, cikin ƙasar Filinge, a 1980. Su ba su da azara, saboda haka turaku ne maganinsu. Amma a sa su a bango kaɗai, kada a huda rufin.

DABARA TA 2: IGIYA DAGA AZARA

Idan azarar ɗakinka a fili take, ba ka bukatar huda komai. Ka samo igiya biyu masu ƙarfi, ta kaba ko ta rama ko ta leda. Ka zagaya kowace a jikin azarar da ke kusa da bangon taga. In babu wurin zura hannu, ka lanƙwasa waya ka ja igiyar da ita. Ka sako su ƙasa, tsawonsu ɗaya, ka yi wa kowace hanci. Ka zura sandar labule cikin hancin biyu. Shi ke nan.

A ɗakin kwano ma haka ake yi, a jikin katakon da ke ɗauke da kwanon.

Da wannan dabara ake raba ɗaki biyu. Igiya uku da doguwar sanda sun isa a kare gado daga idon baƙo. Kada a buga ƙusa a azarar giginya. Bayanta na da tauri, ƙusa na lanƙwashewa, in kuwa ta shiga sai ta tsaga azarar a tsaye.

Abin lura: gara na iya bin igiyar kaba. A duba ta kowane wata. In an ga hanyar ƙasa a jikinta, a karkaɗe, a nemi inda ta fito.

DABARA TA 3: SANDAR MATSI

Wannan ta ɗakin siminti ce, inda taga ta shige cikin bango ta bar gefe biyu masu tauri.

A auna faɗin wurin daga bango zuwa bango. A yanka sanda daidai da shi. A naɗe bakunanta biyu da robar cikin tsohuwar tayar keke, a ɗaure. Robar ce za ta ƙara mata ɗan tsawo. A zura labule, a sa sandar a karkace, a tura gefe guda sama a hankali har ta miƙe ta kama. Roba na hana ta zamewa, tana kuma hana ta goge fenti.

A manyan kasuwanni ana sayar da irinta ta ƙarfe, tiyo biyu ɗaya cikin ɗaya, da wayar da ke turawa a ciki. Ana murɗa ta ta ƙara tsawo ko ta rage. A jikin ledarta an rubuta iyakar tsawonta, misali daga 70 zuwa 120. Ka tafi kasuwa da awon tagarka a rubuce. Ka zaɓi wadda awonka ya faɗa tsakiyar nata, don in aka ja ta har ƙarshe ƙarfinta na raguwa.

Sandar matsi ta labule marar nauyi ce. Ba ta ɗaukar bargo ko asabari. Kuma kada a matsa ta a jikin ɗanyar laka ko tsohon katako mai motsi. Laka za ta marmashe, katako kuma za a ƙara raba shi da gini.

DABARA TA 4: ƘUGIYA DA MAGANAƊISU

Gidaje da yawa yanzu tagar ƙarfe gare su, aikin masu walda. Wani sai ya huda ta da ƙusa, ko ya kai a liƙa mata ƙarfe da wuta. Fenti ya ƙone, tsatsa ta kama wurin. Ga hanyoyin da suka fi.

In tagar na da sandunan tsaro, a je wurin maƙeri ya lanƙwasa ƙugiya biyu daga waya mai kauri, kowace da baki biyu kamar harafin S. Baki guda ya kama sandar taga, ɗayan ya riƙe sandar labule. A naɗe bakin da ke taɓa fenti da tsumma ko roba.

Ga ƙofa, maƙeri na iya yin ƙugiya da fallen ƙarfe marar kauri, wadda za ta hau bisa ƙyaure kamar sirdi. Ka auna masa kaurin ƙyauren. Ka duba kuma ko akwai sarari a bisa, don ƙofa ta rufu ba gogayya.

Sai maganaɗisu, ƙarfen nan mai kama ƙarfe. Kowace lasifikar rediyo tana da shi a bayanta. Mai gyaran rediyo ba ya rasa matattu, haka ma masu tsofaffin kaya irin na kasuwar Katako a Yamai. Ka shimfiɗa bakin labule a jikin ƙarfen taga, ka ɗora maganaɗisu uku ko huɗu a kai. Sun riƙe. Ranar wanki ka ɗauke su. Amma fa maganaɗisu ba ya kama alminiyom, farin ƙarfen nan marar nauyi da ake sa wa tagar gilashi. Ka gwada tukuna. Ƙananan maganaɗisu kuma a ɓoye su daga yara, don haɗiye su na da haɗari ƙwarai.

DABARA TA 5: ƘUGIYA MAI GAM

Ƴan tebur na sayar da ƙugiyoyin roba masu gam a baya. Ana ɓare takarda a manna. Mutane da yawa sun saya sun ce ba su da kirki. Sau da yawa wurin mannawa ne bai dace ba.

Gam na kama wuri mai santsi kaɗai: gilashi, ko ƙarfe mai fenti, ko siminti mai laushi da aka yi wa fentin mai. Ba ya kama laka. Ba ya kama farar ƙasa, sai ya ɓalle da ita. A goge ƙura sarai, wurin ya bushe. A danna ƙugiya da ƙarfi, ana ƙirga 30. A bar ta aƙalla awa guda kafin a rataya kaya. A karanta kilo nawa aka rubuta a ledar, kada a wuce shi.

Zafi ne babban abokin gabanta. Kamfanin 3M na Amurka, mai yin samfurin Command, da kansa ya faɗa cewa gam ɗinsa na iya saki in zafi ya wuce digiri 40. Mu kuwa a watan Afirilu da Mayu zafinmu na wuce haka, balle ƙarfen da rana ta doka. Saboda haka a sa ta a cikin ɗaki, wurin inuwa, ga labule marar nauyi. Mai asabari kada ya ɓata kuɗinsa.

ASABARI A WAJE YA FI SANYI

Labulen ciki na tsare ido da haske. Amma kafin rana ta kai gare shi, zafinta ya riga ya shigo ɗaki. Asabarin da aka rataya a waje yana tare rana tun ba ta taɓa taga ba, iska kuma na ratsa shi. Tagar gabas da ta yamma su suka fi bukatarsa.

A kafa masa turaku biyu a bangon waje kamar yadda muka faɗa, a shafe kewayensu da kyau don ruwa. A ɗaure bakin asabari a sanda, a ɗora. Wanda ba ya son taɓa bango ko kaɗan ya kafa gwafa biyu a ƙasa, taƙi biyu daga gini, ya gitta sanda a kansu.

Don naɗewa, a ɗaura igiya biyu a sanda. Kowace ta sauka ta bayan asabari, ta zagayo ta ƙasa, ta hau ta gaba. In an naɗe shi sama sai a ɗaure. Da an ga hadari ya haɗu a gabas, a naɗe shi ko a shigar da shi ɗaki. Asabarin da aka bari a sake cikin iska yana iya tumɓuke turke.

MU YI LISSAFI

Ga amfanin karatunmu. Mu ɗauki taga mai faɗin santimetir 80 da tsayi 80.

Tsakanin turaku: 20 + 80 + 20 = 120.

Tsawon sanda: a ƙara 10 kowane gefe don kada ta zame. 10 + 120 + 10 = 140.

Faɗin labule: ya yi ɗaya da rabi na tsakanin turaku, don ya yi tattara ya rufe da kyau. Rabin 120 shi ne 60. 120 + 60 = 180.

Tsayin labule: 80 na taga, 15 na bisa, 8 na naɗin da sanda za ta shiga, 12 na saukowa ƙasa. 80 + 15 + 8 + 12 = 115.

Turmin atamfa yadi 6 ne, zane uku ke nan. Zane guda yadi 2 ne, wajen santimetir 180, faɗinsa kuma wajen 115. Kun gani, tsohon zane guda ya rufe wannan taga, ba a yanka ba, ba a sayi sabo ba. Wanda ba shi da metir ya auna da igiya, ya ƙulla alama, ya kai wa tela ko malamin aji su auna masa.

GA MASU HAYA

Ƴaƴanmu da ƙannenmu da yawa na zuwa birni cin rani ko karatu, suna kama ɗakin haya. Sau da yawa mai gida na karɓar kuɗin ajiya tun farko. Ranar tashi ya zo ya duba ɗaki. Ya ga taga ta tsage, bango duk ramuka, sai ya riƙe kuɗin. Daga nan sai cacar baki, wani lokaci har gaban mai unguwa.

Ɗan haya ya riƙe dabara ta 2, ta 3 da ta 4. Ba su barin tabo, kuma in zai tashi ya tafi da kayansa. Ranar shiga ɗaki ya kira mai gida da shaida guda, su duba taga da ƙofa tare, a rubuta duk tsagar da aka tarar. In dole sai an huda bangon siminti, a nemi izinin mai gida. A kira mai injin huda, ya huda nesa da bakin taga da santimetir 10 ko fiye, ya sa ƴar robar nan da ake cusawa a rami, sannan ƙusa mai murɗi. Ƙusar da aka buga da guduma tana fasa yaɓen siminti.

IN AN RIGA AN BUGA FA?

Kada a fizge ƙusa da ƙarfi. A sa guntun katako ƙarƙashin awartaki, a ja ta a hankali, wani na dafe da katakon taga. A sassaƙa ɗan tsinken icce daidai ramin, a shafa masa gam na kafinta, a cusa, a yanke saura. Ƙaramar tsaga a cika ta da garin katako da aka kwaɓa da gam. In katako ya rabu da gini, a jiƙa wurin a cusa sabuwar laka tun damina ba ta zo ba. In kuwa an ƙwanƙwasa an ji shi fanko, gara ta gama da cikinsa, sai a kira magini.

A KULA DA WAƊANNAN

Wuta: fitila da kyandir da kaskon turare su yi nesa da labule. Iska kaɗan ta isa ta kai zane bisa wuta.

Yara: igiyar asabari da ta yi hanci tana iya shaƙe yaro. A ɗaure ta sama inda hannunsa ba ya kai. Turaku kuma su wuce kan mutum, don ido.

Sauro: yana laɓewa a bayan labule da rana. A karkaɗe labule kowace safiya. Labule ba ya tsare cizon sauro. Kowa ya kwana cikin sange, musamman yara da mata masu ciki.

Ƙura: da hunturu a riƙa wanke labule, don ƙurar da ya tara tana tada tari.

TAMBAYOYI DON MUHAWARA A AJI

1. Taga da ƙofa nawa ke gidanka? Nawa ne ke da ƙusa a jiki?

2. Nawa kafintan garinku ke sayar da katakon taga bana? Tiya nawa ta hatsi ke nan?

3. Tagarka na da faɗin santimetir 60. Nawa ne tsawon sandar da za ka yanka?

4. Wace dabara ce ta dace da ɗakinka, kuma don me?

A makarantar da na ba ku labari, tsohon maginin nan ya kafa mana turaku biyu na aduwa da hannunsa, bai karɓi ko dala ba. Zanen dattijuwar ne muka mayar bisa sandar gora. Da na bar ƙauyen turakun na nan daram, sabuwar tagar kuma ko ƙwarzane babu.

Duk wanda ya san wata dabara da ba mu faɗa ba, ya rubuto wa jaridarku da hannunsa, ya faɗi sunan garinsu. Magina da maƙera da mata masu saƙar asabari, muna jiran wasiƙunku.